Ranar da ruwa ya ƙi wucewa: labarin Hajiya bayan tiyatar rage ƙiba

Hajiya ce ta ce a rubuta wannan labari, da sharaɗin a sakaya sunanta da na asibitocin da ta bi. 'Yar kasuwa ce a Kano, tana sayar da atamfa da leshi, shekararta 46, 'ya'yanta biyar. Lokacin da ta yanke shawarar yin tiyatar rage ƙiba nauyinta kilo 128 ne, tsayinta mita 1.62. A lissafin da likitoci ke yi, wato a raba nauyi da tsayi sau tsayi, awonta ya kusa 49. Tun 1991 ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yi wa mai awo 40 tiyata, ko mai 35 in yana fama da ciwon suga ko hawan jini, a 2022 kuma manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka ƙara sassauto da ita. Hajiya ta wuce kowace iyaka nesa ba kusa ba. Shekara tara tana da ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyi kuma sun kai ta ga yin salla a kan kujera. Shawarar da ta yanke ta yin tiyatar tana kan hanya, kuma dole a fara da faɗin haka, domin bayan abin da ya same ta mutane da yawa sun ce ita ta jawo wa kanta da neman gayu.

A Alƙahira aka yi mata aikin, irin wanda ake kira baifas. Sunan ya dace da shi, don tamkar hanyar baifas ce da ke zagaye gari ba ta ratsa cikinsa. Likita yana yanke ɗan saman tumbi ya mai da shi ƙaramar jaka mai cin kamar mililita 30, wato cokalin cin abinci biyu, alhali tumbin babban mutum yana ɗaukar lita guda har da ɗori. Sai ya yanke ƙaramin hanji, ya jawo bakinsa sama ya haɗa da jakar, ta yadda abinci zai tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Wani likita a Amurka, Edward Mason, shi ya fara irin wannan aiki a shekarun 1960, tun wajen 1994 kuma ake yinsa ta ƙananan huji da kyamara ba tare da an tsaga ciki ba. Inda jaka ta haɗu da hanji shi ake kira mahaɗa, kuma a nan duk labarin Hajiya yake. Ƙofa ce da ake ƙanƙanta ta da gangan, faɗinta kamar milimita 12 zuwa 15, kaurin ƙaramin yatsa, domin abinci ya riƙa jinkiri mutum ya ƙoshi da wuri. Duk abin da za ta ci har ƙarshen rayuwarta ta wannan ƙofa zai bi.

Aikin ya yi kyau. Kwana uku ta yi a gadon asibiti, ta ƙara mako guda a masauki, a kwana na goma ta sauka a Kano da ƙafarta. An sallamo ta da takardar tsarin abinci irin wadda ake ba kowa: mako biyu na farko ruwa-ruwa zalla, romon kaza tatacce, madara marar suga, kindirmo da aka dama ya yi tsululu, mako na uku da na huɗu markaɗaɗɗen abinci, na biyar da na shida mai laushi, irin su kifi, dafaffen ƙwai da alala, daga nan a fara gwada abincin gida kaɗan-kaɗan. An haɗa mata da kwalin omefirazol, maganin rage tsamin ciki, na kwana 30 da bitamin. Makonni ukun farko komai ya tafi daidai. Sugan jininta ya sauka har likitanta na gida ya rage mata magani, kilo tara ya tafi, ta fara zagaya tsakar gida da la'asar.

A ƙarshen wata na farko abubuwa biyu suka faru, babu wanda ya ɗauke su a bakin komai a gidan. Kwalin omefirazol ya ƙare ba a sayo wani ba, don kowa ya ɗauka maganin na wata guda ne. Tattakin da ta fara kuma ya tayar mata da ciwon gwiwa, sai ta aiki yaro kemis ya kawo mata abin da ta saba sha shekara da shekaru, diklofenak, safe da dare. Ta ce ba ta tuna an taɓa hana ta shi ba.

A mako na biyar ta gwada tuwon shinkafa da miyar kuka, loma biyu. Ta ce ji ta yi kamar an cusa mata dutse a ƙahon zuciya. Bakinta ya cika da yawu mai yauƙi da kumfa, bayan kamar minti goma lomar ta dawo yadda ta haɗiye ta, ba ɗaci ba tsami, da ta fita kuma sai ta ji sarai. Wannan kaɗai bai isa tayar da hankali ba. Tuwo haɗiye shi ake yi, ba a saba tauna shi ba, loma guda ta Bahaushe kuwa ta ninka ƙofar nan sau biyu ko uku. Kusan duk wanda aka yi wa aikin sai ya gamu da haka, in ba da tuwo ba to da tsire, ko biredi, ko shinkafar da ba ta dahu luguf ba, har ya koyi gutsura kamar ƙwayar gyaɗa, ya tauna sau ashirin zuwa talatin, ya ajiye cokali tsakanin loma da loma, ya kuma bar rabin awa tsakanin ci da sha.

Abin tsoron a gaba yake. A mako na shida ƙwai da alala, waɗanda ta ci lafiya a makon da ya gabata, suka fara dawowa. A na bakwai kunun gyaɗa mai kauri ya ƙi zama sai an tsinka shi. A na takwas ruwan sha ma sai ta kurɓa ta jira, in ta yi kurɓi na uku ya dawo, tana kwana da kofi a gefen gado tana tofar da yawu don shi ma ya daina wucewa. Mai warkewa gaba yake yi, daga ruwa zuwa kunu, daga kunu zuwa ƙwai, daga ƙwai zuwa nama. Hajiya baya take yi, kowane mako da abin da zai fita daga cikin abincin da take iya ci. Wannan komawa baya ita ce babbar alamar tsukewar mahaɗa, kuma ba sai da na'ura ake gane ta ba. Yarinyar da ke dama kunu ma za ta gane, in an gaya mata abin da za ta lura da shi.

Mahaɗa rauni ne mai siffar zobe. Kowane rauni da tabo yake warkewa, tabo kuwa ja yake yi. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da ya ƙone a tafin hannu, bayan wata biyu yatsunsa suka lanƙwashe, ya ga wannan jan da idonsa. In raunin zobe ne sai jan ya koma ciki, kamar bakin wando da aka ja wa zariya. Jan ba ya kankama sai bayan wajen mako uku, don haka yawancin tsukewar ke bayyana tsakanin mako na uku da wata na uku, lokacin da wanda ya je Masar ko Indiya ko Turkiyya ya riga ya dawo gida, nesa da likitan da ya yi masa aikin. Daban take da kumburin kwanakin farko, wanda ke sa haɗiya wuya sannan ya sace da kansa. Tabo ba ya sacewa. Rahotannin asibitoci sun sha bamban a kan yawan masu samun tsukewar, daga kamar kashi 3 cikin 100 har sama da kashi 20, gwargwadon yadda aka yi haɗin.

Wasu dalilan tun a ɗakin tiyata suke farawa. In jini bai isa bakin haɗin sosai ba, ko an jawo hanjin har ya ɗame, naman wurin ba ya warkewa da laushi. Na'urar ɗinki ma tana da nata: akwai mai zagaye da ke ɗinke zoben gaba ɗaya da ƙananan ƙusoshin ƙarfe, an kuma daɗe da lura cewa mai faɗin milimita 21 ta fi mai 25 haifar da tsukewa. Ɗan yoyo da ya toshe kansa yakan bar tabo mai kauri. Waɗannan ba a hannun majinyaci suke ba. Akwai kuma wanda sau da yawa a gida ake jawo shi, shi ne gyambon mahaɗa. Fatar cikin hanji ba ta jure tsamin tumbi, ga shi yanzu an manna ta kai tsaye da jakar da ke fitar da shi. Omefirazol da danginsa su ke rage tsamin, likitoci da yawa kuma suna cewa a sha su wata uku zuwa shida bayan aikin. Magungunan ciwon jiki irin diklofenak, ibufurofen, firoksikam da asfirin kuwa suna raunana kariyar da fatar ciki ke yi wa kanta. Wanda aka yi wa baifas ya rabu da su ke nan, sai fa in likita ne ya rubuta da dalili ya kuma haɗa da maganin kariya. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda a kemis, na ciwon jiki ko na gajiya, shi ya fi ba ni tsoro, domin da wuya ka kwance ledar ba ka tarar da ɗaya daga cikinsu ba, kuma babu suna a jiki. Farasitamol shi ne wanda ba ya cin mahaɗa. Taba sigari da shisha suna tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da wurin. Ƙwayar cutar Helikobakta, wadda ta yawaita ƙwarai a cikin mutanenmu, ita ma tana da hannu a gyambo, don haka ake so a gwada ta a kashe ta tun kafin tiyata. Gyambo ya yi tabo, ya sake buɗewa, ya sake tabo, kowane zagaye ƙofar na ƙara matsewa.

Duk tsawon makonnin nan gidan ba a zauna ba, ana ta neman mafita, sai dai ba inda ya kamata ba. Babbar 'yarta ta rubuta wa mutumin da ya shirya musu tafiyar ta WhatsApp, ya amsa cewa amai kowa na yinsa, ta ƙara taunawa ta rage sauri. Shi ba likita ba ne, bai kuma tambaya ko aman ƙaruwa yake ko raguwa ba. A ganina kalmar nan ta “kowa na yi” ta fi diklofenak cutar da Hajiya, don ita ta cinye mata mako uku. Ƙawaye masu zuwa dubiya suna ganin ta zube sai murna: “Hajiya, ai aiki ya yi, kin koma budurwa!” Kilo 24 ta zubar cikin wata biyu, na makonnin ƙarshe kuwa yunwa ce da ƙishirwa. Yayarta ta ce baki ne, aka karɓo rubutu, shi ma ya dawo. Ita kanta tana ɓoye yawan aman saboda kunya, don maigidan bai so tafiyar ba tun farko, kuɗin da aka kashe kuma ba kaɗan ba ne.

“Umma, sau nawa yau?”

“Sau ɗaya ne. Kada ki gaya wa Abbanku.”

Daga baya ta ce ranar sau shida ta yi.

Amai bayan wannan tiyata iri-iri ne, kuma bambance su yana da amfani. Na cin sauri yana da dalilinsa a fili, loma ce ta yi girma, abinci na gaba kuma sai ya zauna lafiya. Na zaƙi, bayan lemon kwalba ko shayi mai suga da yawa, yana zuwa da zufa, bugun zuciya, jiri, wani lokaci da gudawa, ya wuce cikin awa ɗaya ko biyu. Na tsukewa yana dawo da abinci yadda aka haɗiye shi, jim kaɗan bayan ci, kuma kullum gaba yake yi. In kuwa aman kore ne ko ɗorawa mai ɗaci, ko ya zo da murɗar ciki mai tsanani, to toshewar can ƙasa take a hanji, wannan a daren za a tafi asibiti, ba a jiran safiya. Wanda kuma ya kwana biyu bai iya riƙe ko lita guda ta ruwa a yini ba, alhali lita ɗaya da rabi ake so, shi ma zaman gida ya ƙare masa.

Ranar da ta kasa tashi yin alwala aka kai ta wani ƙaramin asibiti a unguwa. Fitsarinta ya yi ja kamar shayi, harshe ya bushe ƙayau. Aka gwada zazzaɓin cizon sauro da taifot, aka ɗaura mata ƙarin ruwa mai suga, leda bayan leda. A rana ta biyu ta fara ganin mutum ɗaya ya zama biyu, ƙwayar idonta tana rawa, ta kira 'yarta da sunan ƙanwarta da ta rasu. Da aka tayar da ita sai tangaɗi, kamar ƙasa na juyawa a ƙarƙashinta.

Wannan shi ne wurin da tsukewar mahaɗa ke iya kisa ko nakasa mutum, kuma ba a cikin ciki abin yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Jiki ba ya ajiye bitamin B1, wanda ake kira tayamin, sai kamar miligiram 30, abin da bai wuce na mako biyu zuwa uku ba. Farkon ƙaramin hanji ne ya fi tsotse shi, wato daidai inda baifas ya tsallake. Hajiya ta yi wata guda abinci ba ya zama, ƙwayar bitamin ma dawowa take. Ƙwaƙwalwa ba ta iya sarrafa suga sai da tayamin, don haka in aka kwarara wa irin wannan majinyaci ruwan suga, ɗan ragowar da ke jikinsa sai ya ƙare lokaci guda. Wani likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya siffanta ciwon tun 1881 da alamomi uku: rikicewar tunani, rawar ido ko gani biyu-biyu, da tangaɗi. Ba kowa ke nuna ukun a tare ba, ɗaya ma ta isa a fara magani. Ƙa'idar a taƙaice take. Duk wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ya zo da dogon amai, a ba shi tayamin ta jijiya kafin ruwan suga ko tare da shi, ba a jiran sakamakon gwaji. In alamun sun riga sun bayyana, miligiram 200 zuwa 500 ake bayarwa sau uku a yini na wasu kwanaki. Allurar ba ta da tsada. In aka makara, mantuwar da ke biyo baya takan zauna har abada.

Allah ya taimake ta da wani matashin likita da ya zo aikin dare. Ya ga ƙananan tabbai a cikinta, ya tambayi 'yarta wace tiyata aka yi, nan take ya cire ruwan sugan ya rubuta takardar tura ta babban asibiti. Can aka fara mata tayamin ta jijiya, aka ɗaura ruwan gishiri, aka gyara sinadaran jini, fotasiyam da magniziyam, da amai ya zubar. Cikin kwana biyu idon ya daidaita, ta gane kowa. Sai a rana ta uku aka shiga da ita ɗakin duba ciki da kyamara, aikin da ake kira endoskofi.

Ana so mutum ya yi awa shida zuwa takwas bai ci komai ba. A fesa masa maganin kashe maƙogwaro, a yi masa allurar da za ta sa shi gyangyaɗi, ya kwanta ta gefen hagu da robar kariya a tsakanin haƙora. Bututun kyamarar kaurinsa kamar milimita 9 zuwa 10 ne, shi kansa kuma ma'auni ne: in ya isa mahaɗa ya kasa wucewa, an tabbatar da tsukewa. Ta Hajiya ba ta fi milimita 5 ba, kamar ƙwayar dawa, ga ɗan gyambo mai farin tsakiya a gefenta. Ta wannan ɗan huji ake ta tura mata kunu ana cewa ta daure.

Gyaran a zama ɗaya ake fara shi da dubawar. Akwai siririyar balan-balan doguwa, a naɗe, da ake zurawa ta ramin da ke cikin bututun har tsakiyarta ya zauna daidai wurin da ya tsuke. Sai a cika ta da ruwa ta sirinji mai agogon awon ƙarfi. Irin da aka fi amfani da ita hawa uku take buɗewa, misali milimita 8 da 9 da 10, ko 10 da 11 da 12, ko 12 da 13.5 da 15, ana riƙe kowane hawa kamar minti guda. Tabon yana ɗan tsagewa har a ga ɗigon jini, haka kuma ake so. Duka aikin bai fi minti ashirin ba. A ranar an tsaya da Hajiya a milimita 10.

Da maigidan ya ji za a sake dawowa sai ya ce, “Likita, me zai hana a buɗe ta gaba ɗaya yau a huta?”

“Alhaji, bangon hanji siriri ne, ga gyambo a wurin. In muka matsa masa fashewa zai yi, sai kuma tiyatar gaggawa. Gara mu bi shi a hankali.”

Gaskiyar likitan ce. Wajen kashi 2 cikin 100 na waɗanda ake buɗe wa mahaɗa da balan-balan suna samun huji a wurin, haɗarin kuma yana ƙaruwa in an yi tsalle mai nisa a zama ɗaya. Akwai wani dalilin kuma da ya sa yawanci ake tsayawa a milimita 15: in ƙofar ta yi faɗi da yawa abinci zai riƙa zubewa hanji da sauri, ƙoshi ya daina daɗewa, ƙibar da aka kashe kuɗi don a rabu da ita ta fara dawowa. Bayan aikin ana riƙe mutum wasu awanni ana duba bugun zuciyarsa. Ciwon ciki ko na ƙirji da ke ƙaruwa, bugun da ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwo a kafaɗar hagu ko haki, kowanne cikinsu na nufin a kira likita nan take, ko da an riga an koma gida.

Da magariba aka ba ta rabin kofin shayi marar suga. Ta kurɓa, ta jira ya dawo kamar yadda ya saba, bai dawo ba. Ta ƙara, har ta shanye. 'Yarta ta ce hamdala kawai take yi hawaye na zuba.

An sallame ta da omefirazol safe da yamma, da umarnin ta riƙa buɗe kwanson ta zuba ƙananan ƙwayoyin cikin cokalin kindirmo ta haɗiye ba tare da ta tauna ba, domin kwanso yakan wuce ƙaramar jaka kafin ya narke. Aka haɗa da ruwan sukralfet, mai shafe gyambo, sau huɗu a yini kafin abinci. Ɗan naman da aka gutsuro lokacin dubawar ya nuna tana da Helikobakta, ta sha maganinta na kwana 14. Abinci kuma aka mayar da ita farko: yini guda ruwa-ruwa, sannan markaɗaɗɗe, da ƙoƙarin samun furotin, sinadarin gina jiki, giram 60 a yini daga madara, kindirmo, ƙwai, kifi da awara. Bayan mako biyu aka buɗe zuwa milimita 12, bayan wasu mako uku zuwa 15. Tsakanin zama da zama ƙofar takan ɗan koma, don tabo bai daina ja ba tukuna, saboda haka aka gargaɗe ta cewa da zarar ƙwai ya fara tsayawa ta dawo, kada ta jira sai ruwa ya ƙi wucewa. Mafi yawan masu wannan matsala zama ɗaya zuwa uku yake isarsu.

Waɗanda balan-balan ba ta yi musu ba akwai sauran dabaru: a yi wa tabon allurar da ke hana shi kauri, ko a ɗan tsaga shi da wuƙar lantarki ta cikin bututun, ko a sa ɗan bututun raga na ƙarfe ya riƙe ƙofar na wasu makonni sannan a cire. In duk sun gaza sai a koma tiyata a yanke mahaɗar a yi sabuwa. Tsukewar da ta zo bayan shekara ɗaya ko fiye ta fi taurin kai, kuma a irinta ake fara binciken ko mutum na shan taba, ko ya koma wa maganin ciwon jiki.

Masu wata tiyatar rage ƙiba da ake kira silib, wadda ta fi yawa yanzu, nasu ya ɗan bambanta. A can ba a haɗa tumbi da hanji, yanke kashi 75 zuwa 80 na tumbin ake yi a cire, a bar siririn bututu kamar hannun riga, wanda ake aunawa da roba mai kaurin kamar milimita 12. Tsukewar takan faru ne a inda tumbin ya yi kwana, ko kuma bututun ya murɗe kamar wankakken zane da aka matse. Ba ta kai ta baifas yawa ba, amma ta fi wuyar ganewa, domin kyamara na iya bin murɗar ta wuce a ce babu komai, alhali abinci ba ya wucewa. Hoton da ake ɗauka mutum na haɗiyar ruwan da ke fitowa fari a hoto shi ya fi nuna ta. Ƙwannafi mai tsanani yakan zo tare da aman. Balan-balan ɗin da ake sa wa irin wannan babba ce, mai milimita 30, iska ake hura mata, in ta gaza kuma sau da yawa mayar da silib ɗin ake yi baifas. Maganar tayamin dai ɗaya ce ga kowa.

Yanzu mata kan zo shagon Hajiya, su sayi turmi ɗaya, sannan su sassauta murya su tambaye ta labarin tiyatar. Ba ta hana kowa. Abin da take cewa shi ne kafin a sayi tikitin jirgi a fara samun likitan ciki a gida wanda ya yarda zai ci gaba da duba mutum in ya dawo. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, suna da sashen duba ciki da kyamara, amma a tambaya tun da wuri ko akwai balan-balan ɗin buɗe mahaɗa a ajiye ko sai an yi oda, da kuma kuɗinta. Kada a baro ƙasar da aka yi aikin sai da rahoton tiyata a hannu, mai nuna irin aikin, yadda aka yi haɗin da girman na'urar ɗinkin, domin likitan da zai zura kyamara a Kano yana buƙatar sanin abin da zai tarar. A sayo maganin rage tsami na aƙalla wata uku. A samu mutum ɗaya a gida da zai riƙa rubuta abin da aka ci da sau nawa aka yi amai, don majinyaci yakan rage lissafi. Azumin da ya zo mata a watannin farko ba ta yi ba, bisa shawarar likita da rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya, ta rama daga baya.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da aikin. Nauyinta kilo 84, ta daina maganin suga, tana salla a tsaye. Yatsun ƙafarta har yanzu suna ɗan yi mata dindiris, ragowar ƙarancin tayamin, ga bitamin da za ta sha har ƙarshen rai da gwajin jini lokaci-lokaci. Tana cin tuwo, gutsure kamar ƙwayar gyaɗa, tana taunawa. A cikin jakarta, tare da katin banki, akwai ɗan kati da 'yarta ta rubuta mata da Hausa da Turanci: an yi mini baifas, kada a ba ni diklofenak ko danginsa, in na zo da amai a yi mini allurar tayamin kafin a ɗaura ruwan suga.